Keken Baba Mai Agogo

"Ajiye man nan, Auta! Na ce ka ajiye shi!"

Mama Tela ta ɗaga labulen tagarta ta leƙa. Maƙwabcinta ne, Baba Mai Agogo, zaune cikin keken guragunsa a ƙofar gida, ya ci ado da tsohon kwat ɗinsa na zuwa coci, yana kaɗa hannunsa mai lafiya a iska. Ɗansa Auta na tsugune kusa da tayar hagu, da 'yar kwalbar mai a hannu. Mutum ne da furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma ya yi tsuru-tsuru kamar yaron da aka kama yana lasar sukari.

"Baba, ɗigo ɗaya ne kawai. Ƙarar nan tana damun mutane."

"Wa ta dama? Kawo mini shi in gan shi. Wannan ita ce ƙararrawata. In ka kashe ta, wa zai san na fito?" Ya juyo wajen tagar, domin ya san tana nan. "Tela, ke ce kika ba shi man keken ɗinkinki, ko ba ke ba ce?"

"Ni ce," in ji ta. "Da ya rage ma, da na ɗiga wa bakinka."

Baba ya yi dariya da ɓarin bakinsa mai motsi har sai da tari ya sarƙe shi. Auta ya miƙo mata kwalbar ta taga, ya goge hannu a wando, ya kama keken. Suka kama hanya, tayar hagu na kukanta.

Ƙarar kuwa ba ƙarama ba ce. Duk juyi ɗaya sai tayar ta yi "ƙiii", ta ɗan huta, ta sake. Shekara da shekaru da ita layin ke sanin safiyar Lahadi ta yi nisa. Mai shagon kan kwana, wanda shi ba coci yake zuwa ba, in ya ji ta sai ya fito ya ɗaga hannu. Matan da ke gaban madubi in sun ji ta sai su hau neman takalmi, domin kowa ya sani in Baba ya wuce, to an riga an makara. Abin dariyar ke nan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa jama'a agogo bai taɓa isa sujada a kan lokaci ba, kuma ko a jikinsa.

Mama Tela ta bi su da ido har ƙarshen layin, inda hanya ke gangarawa zuwa kwata mai fasasshen murfi. A nan Auta kan tsaya, ya taka ƙarfen baya, ya ɗaga tayoyin gaba. Ba ta jin su daga nan, amma ta san abin da ake faɗa, domin ba ya canzawa. Auta zai ce, "Baba, riƙe da kyau." Baba zai ce, "Na riƙe, direba." Sai da suka sha kwana ta saki labulen.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajen biyu, tun zamanin da layin bai wuce gidaje kaɗan da bishiyar mangwaro ba. Ita tana ɗinki a ɗakinta na gaba, shi yana nasa ɗakin da gilashi maƙale a ido, yana tsintar hanjin agogo da ɗan hantsaki. Da mijinta ya rasu, Mai Agogo na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Da matarsa ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, Mama Tela ce ta goyi Auta, tana taka keken ɗinki da shi a baya har ya yi barci. Sai ga shi wata rana ɓarin jikin Baba ya shanye. Ikilisiya, wato jama'ar cocinsu, ta ba shi aron keken guragu. Yayar Auta na can gidan aurenta mai nisa, sai Auta ya zauna. Shi ne wanka, shi ne aski, shi ne ɗagawa da kwantarwa, in ya samu sarari ya buɗe shagon ya gyara agogo ɗaya ko biyu. Matan zumunta na coci sun nuna masa 'yan mata har sun gaji sun bari.

Birkin keken ya daɗe da mutuwa. Baba ne ya sa Auta ya sassaƙa ɗan guntun katako mai siririn baki, wanda ake cusawa ƙarƙashin taya in an tsaya. Kullum yana aljihun Auta, har ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannu.

Ita kuwa Mama Tela, tun bara gwiwoyi suka hana ta zuwa coci. Cocin ba shi da nisa ga mai ƙafa, amma ita ƙofar gida ma da sanda take kaiwa. Fasto ya ce za a nemo mata keke irin na Baba, ta ce a kai kasuwa. Ita da ta ɗinka wa rabin matan ikilisiyar nan rigar aure, ita da ba ta taɓa shiga sujada da ɗankwali a karkace ba, a turo ta gabansu kamar buhun gawayi? "Ranar da kuka gan ni cikin wannan abin," in ji ta, "ku ce Tela ta ƙare." Girman kai ne, ta kuma san girman kai ne. Ta gwammace ta zauna bakin taga ta riƙa jin waƙar da iska ke kawowa guntu-guntu.

Shi ya sa in an tashi daga coci, keken kan tsaya ƙarƙashin tagarta, Auta ya cusa katako, Baba ya kawo mata wa'azi. Ranar ma haka aka yi.

"To, me Fasto ya ce yau?"

"Ya ce mu ƙaunaci juna."

"Makon jiya ma haka ka ce mini."

"To ai ba mu yi ba tukuna, shi ya sa ya maimaita."

"Barci ya yi, Mama," in ji Auta yana murmushi. "Tun daga sanarwa."

"Addu'a nake yi, ɗan banza. Kai ka san yadda manya ke addu'a?" Ya dube ta. "Tela, ki sauke wannan kan naki ki zo mu tafi. Akwai wuri a gefena, iska na shigowa ta ƙofa."

"Ka ji da kanka," in ji ta. Da ta san Lahadinsa ta ƙarshe ke nan, da ta tsayar da shi ya ƙara mata ko da ƙarya ɗaya ce a kan wa'azin.

A tsakiyar makon tarin ya sauka ƙirji. Likita ya zo ya duba, ya ja Auta waje suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da Mama Tela ta ga yadda Auta ya dawo yana kallon ƙasa, ta ɗauki sandarta ta tsallaka, tana hutawa a jikin katanga.

Ɗakin Baba na nan yadda ta san shi. Agogunan da masu su ba su taɓa dawowa karɓa ba suna rataye a bango, kowanne da nasa lokacin. Warin man zafi ya cika ɗakin. Keken na naɗe a lungu, kwat ɗin na rataye a kansa. Baba ya aiki Auta ya ɗora ruwan zafi, ya jira har takunsa ya yi nisa.

"Tela, tafiya zan yi."

"Ina za ka, kai da kullum a makare kake?"

"Wannan karon ba zan makara ba." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ba tsoro nake ji ba. Na san wurin wanda za ni. Yaron nan ne. Wasu gida suke bar wa 'ya'yansu, wasu gona. Ni aiki na ba shi, kuma da aikin zan tafi."

"Ikilisiya na nan," in ji ta. "Ni ma ina nan. Ka daina wannan magana."

"Ke da ba ki iya kai kanki ƙofa ba."

Ta so ta rama, ta fasa. Sai ta kama hannunsa mai lafiya ta riƙe, agogunan na ta aikinsu.

Da yammacin Juma'a Fasto ya kawo masa jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake ba masu bi. Uwar Zumunta, shugabar matan coci, da wasu mata suka zauna a ƙasa suna waƙa a hankali, irin tsofaffin waƙoƙin da Baba ke so, waɗanda yakan ja su fiye da kowa har sai mawaƙa sun jira shi. Auta na zaune a bakin gado yana yi masa fifita da kwali. Ana cikin baiti na uku ko na huɗu Baba ya buɗe ido, ya dubi ɗansa, ya motsa baki kamar zai yi tsiya, ya rufe. Shi ke nan. Fasto ya sunkuya ya duba, ya ce, "Baba ya huta." Mata suka fashe da kuka. Auta bai daina fifitar ba. Ya ci gaba da kaɗa kwalin a kan fuskar, har sai da Mama Tela ta miƙa hannu ta zare shi daga yatsunsa.

Duk wanda ya ce ikilisiyar nan ba ta iya riƙe maraya ba, bai ga makon nan ba. Kafin gari ya waye an kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujeru. Maza suka ɗauke maganar akwati da kabari. Mata suka mamaye kicin, tukwane suka hau wuta, aka wanke zannuwan Baba aka shanya har igiya ta lanƙwashe. Mawaƙa suka yi masa waƙa a makabarta, kuma wannan karon ba wanda suka jira. Mai shagon kan kwana ya rufe shagonsa ya bi gawa har aka rufe. Mama Tela, da ba ta iya zuwa ba, ta zauna a bakin taga tana ji ana ba ta labari tana share hawaye, zuciyarta cike da godiya.

Abu ɗaya ne kawai, kuma da ƙauna aka yi shi. Duk abin da Auta ya taɓa, sai wani ya karɓe. Ya ɗauki tsintsiya, a ce, "Haba Auta, kawo, ka huta." Ya ɗauki bokiti, a ce, "Ajiye, ɗan'uwa, shekara nawa kana wahala?" Ya miƙe zai kawo wa baƙi ruwa, a zaunar da shi a kujera mai laushi a tsakiyar rumfa, a sa masa kofin shayi a hannu. Washegarin jana'iza dattawa suka yi shawara, suka ce keken nan a mayar da shi ɗakin ajiya na coci, kada ya riƙa buɗe ido yana ganinsa. Aka fitar da shi a naɗe, a kafaɗa, ko ƙara bai yi ba.

Aka kwance rumfa, baƙi suka watse. Ikilisiya ba ta watse ba. Uwar Zumunta ta raba wa mata ranaku, kowace da ranar da za ta kai abinci. Maza sukan leƙo da yamma. Fasto yakan zo ya karanta masa Maganar Allah, ya yi addu'a, Auta ya ce amin cikin ladabi, ya rako shi ƙofar ɗaki, ya koma. Kwanukan kuwa yadda suka shiga haka suke fitowa, sai dai an ɗan taɓa gefe don kada mai girki ta ji haushi. Shagon agogo ya zauna a rufe. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba a ga Auta a coci ba. Layin ya yi shiru, mata suka riƙa makara ba tare da sun sani ba.

Mama Tela ta yi kewar Mai Agogo fiye da yadda za ta iya faɗa wa kowa. Safiyar Lahadi takan tsinci kanta tana kasa kunne. In an tashi daga coci mata kan tsaya su kawo mata wa'azi tsaf, daga farko har ƙarshe, ba kuskure ko ɗaya, ita kuwa ta ji bai shige ta ba.

Wata rana yayar Auta ta shigo mata, ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka.

"Mama, yaron nan binsa zai yi. Kin ga yadda ya koma? Wuyansa kamar na kaza. Ni dole in koma gidana, yara na can. Na gaya masa, ƙarshen watan nan zan zo da mota in tafi da shi, a rufe gidan."

"Shi me ya ce?"

"Cewa ya yi, duk yadda kika gani, Yaya. Da ma musu ya yi mini, da na ji daɗi."

Mama Tela ta san gidan yayar, ta taɓa zuwa da ƙafarta. Gida ne mai kyau, akwai masu aiki, akwai ɗakin baƙo mai labule mai kauri. Za a ajiye Auta a ciki, a kawo masa abinci a kan tire, a ce ya huta. Ta ji gabanta ya faɗi, ba ta kuma san dalili ba tukuna.

Da rana ta yi sanyi ta dogara sandarta ta tsallaka. Ta same shi a ɗakin Baba, zaune a ƙasa ya jingina da gadon da aka gyara tsaf. Agogunan bango duk sun tsaya, ba wanda ya sake murɗa su. Gemu ya rufe masa fuska. Yana juya wani abu a hannu, sai da ta zauna ta gane ɗan katakon nan ne.

"Auta, ka ci abinci?"

"Na ci, Mama."

"Ƙarya kake. Ni na goye ka, na san muryar ƙaryarka."

Ya sake juya katakon a hannu. Can ya ce, "Gari na wayewa sai in tashi in ɗora ruwan wanka. Sai ya tafasa nake tunawa. In sauke, in zauna in kalle shi har ya huce." Ya dubi hannuwansa. "Kowa na cewa in huta. Mama, ban san inda zan ajiye hannuwan nan ba."

"Ka zo coci mana. Kowa na tambayarka."

"Na gwada. Na sa riga, na kai ƙofa. Ban san yadda ake tafiya can hannu sake ba."

Ta koma gida. Ta zauna gaban keken ɗinkinta da ta daɗe da rufewa da zane, maganar Mai Agogo na dawo mata: aiki na ba shi, kuma da aikin zan tafi. Ta ga abin da ya kamata a yi sarai, abin kuwa bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Addu'ar da ta yi ranar ta fi kama da rigima. "Ubangiji, ka ji abin da na faɗa da bakina a gaban mutane. Duk tsofaffin da ke layin nan, ba ka ga kowa ba sai ni?" Ta jira, ba a canza mata amsa ba. Ta ja tsaki, ta share ido, ta ɗauki waya ta kira Fasto.

"Keken nan na Mai Agogo, yana nan?"

"Yana nan, Mama. Wani ne ke bukata?"

"Ni ce."

Fasto ya ce, "Mun gode wa Allah! Zan sa matasa su riƙa zuwa suna ɗauko ki."

"Kada ka turo mini kowa. Keken kawai nake so. Kuma in na ji ka sa ni cikin sanarwa, ni da kai ne."

Ranar Asabar tsohon maigadin coci ya turo keken har ƙofarta yana washe baki. Ya wanke shi fes, ya goge ƙarafan, ya ɗaure inda kujerar ta yage. "Har mai na sa masa, Mama," in ji shi. "Ji, ko motsi ba ya yi." Ya tura shi gaba ya dawo da shi, tayar hagu ta juya shiru kamar ba ita ba. Mama Tela ta dubi keken, ta dubi mutumin da ya yi iya ƙoƙarinsa, ta ce, "Sannu da aiki. Allah ya saka." Da ya tafi ta zauna ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza.

Safiyar Lahadi ta fiddo rigar da ta ɗinka wa kanta tun hannunta na da ƙarfi, ta ɗaura ɗankwali ya zauna daram. Ta jira har masu sammako suka wuce. Sannan ta ja keken zuwa ƙofa, ta juya, ta sauke kanta ciki a hankali, ta ɗora sanda a cinya. Kujerar ta riga ta ɗauki siffar jikin wani. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Wata yarinyar da ta taɓa koya wa ɗinki ta zo wucewa, ta buɗe baki, Mama Tela ta harare ta har ta rufe shi ta ƙara sauri.

Ta tura tayoyin da hannu har ƙofar maƙwabta, ta ƙwanƙwasa da sanda.

"Auta! Fito ka kai ni coci."

Ta sake ƙwanƙwasawa.

"Auta, na san kana jina. Ga ni cikin keken ubanka, duk layi na kallona. Kada ka bar ni a nan."

Labulen ɗakin ya ɗan motsa, ya koma. Ta jira. Daga nesa ta ji an fara waƙar buɗe sujada. Ƙofar ba ta buɗe ba, ta ji ranta ya ɓaci, tsoro kuma ya biyo baya, domin ba ta da wata dabara bayan wannan.

"To shi ke nan," ta ce da ƙarfi. "Zan kai kaina."

Ta kama tayoyin ta tura. Da farko abin ya zo da sauƙi, har ta fara cewa ashe ba wani aiki ba ne. Ta wuce bishiyar mangwaro, ta wuce famfo. Daga nan hanya ta fara gangara, keken da ya sha mai ya fara tafiya da kansa. Ta damƙe tayoyin, suka zame, suka ƙona mata tafin hannu. Ta ja birki, ta tuna birkin ya mutu tun da daɗewa. Sandarta ta faɗi. Ga kwata can tana matsowa da fasasshen murfinta, mai shagon kan kwana ya fito yana ihu. "Yesu!" in ji ta, ta runtse ido.

Keken ya tsaya cak, har sai da ta yi gaba ta dawo. Ta ji huci a bayan kanta.

"Mama, kashe kanki za ki yi?"

Ta waiwaya. Auta ne, ba takalmi, da singileti, ƙirjinsa na sama da ƙasa, ya damƙe hannayen keken har jijiyoyi sun tashi. Rabon da ta ga fushi a fuskarsa har ta manta, ta kuma ji daɗin ganinsa.

"Wurin nan ba a saukarsa da gaba! Juyawa ake yi a bi ta gefe. Wa ya ce ki fito ke kaɗai?"

"Na kira direba, bai fito ba," in ji ta.

Ya zaro katakon daga aljihu ya cusa ƙarƙashin taya, ya tsinto mata sandarta. Ya tsaya yana kallon ƙafafunsa. "Ban yi wanka ba."

"Allah ya ga waɗanda suka fi ka datti. Je ka sa riga."

Ya zare ido ya dube ta, ya juya ya koma. Ta zauna a tsakiyar hanya, rana na dukanta, mai shago na tsaye a gefe. Ta ƙi waiwayawa. Tana jin waƙa ta ƙare an shiga wata, tana cewa a ranta, in bai dawo ba fa? Sai ta ji inuwa ta rufe ta. Tsohuwar lemar Baba ce. Auta ya sa farar riga da bai goge ba, ya wanke fuska, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya miƙa mata lemar ta riƙe, ya cire katakon, ya juya keken ya sauke shi ta gefe a hankali.

A bakin kwata ya tsaya, ya taka ƙarfen baya, ya ɗaga tayoyin gaba.

"Baba, riƙe da kyau."

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Ya tsaya haka, keken a ɗage. Wani ɗumi ya ɗigo mata a wuya, ta san ba ruwan wanke fuska ba ne. Ba ta waiwaya ba. Ta damƙe hannun kujerar da ƙarfi.

"Na riƙe, direba," in ji ta.

Suka tsallake. Sun yi nisa tayar ba ta yi kuka ba, sai ƙarar takalminsa a kan tsakuwa. Can ya ja hanci ya ce, "Wa ya sa masa mai?"

"Maigadi. Da kyakkyawar niyya."

"Zai bushe," in ji Auta. "Ki ba shi damina ɗaya."

Sun makara, ba sai an faɗa ba. Ana tsakiyar sanarwa suka shiga ta ƙofar gefe. Kawuna suka juyo layi-layi. Uwar Zumunta ta yunƙura za ta zo ta karɓi keken, Mama Tela ta ɗaga mata yatsa ɗaya, ta koma ta zauna tana toshe baki da gefen mayafi. Fasto ya dube su ta saman tabarau, ya yi gyaran murya, ya ci gaba da karanta abin da yake karantawa.

A ƙarshen bencin da ke kusa da ƙofa akwai fili daidai faɗin keke, ba wanda ya sa kujera a wurin. Siminti ya ɗan goge inda tayoyi suka saba tsayawa. Auta ya daidaita keken a kan sawun, ya durƙusa, ya zaro katakon daga aljihu ya cusa ƙarƙashin tayar hagu, ya buga shi da tafin hannu har ya kama. Sannan ya naɗe lemar, ya zauna a bakin bencin, ya bar hannu ɗaya a kan keken. Iska na shigowa ta ƙofa, tana kaɗa bakin ɗankwalinta.